Shekarar da Na Tura Abba Teku

Jidda, ke ce kika fi matsa mini da tambayar abin da ya shiga tsakanina da yayanku Abba, kullum kuma amsata ita ce ba komai. Ba gaskiya ba ne. Ke da ƙanenki Nura kun tashi da labarin cewa ni ne na buɗe masa hanyar aikin hoto, daga baya ya yi nisa da gida ba dalili. Mutanen masallaci ma haka suka ɗauka, har wasu kan yi mini jaje a kan 'ya'yan zamani, ni kuma in yi shiru in karɓa. To, a wannan babi zan faɗi yadda abin ya kasance, domin kada ku ci gaba da ɗora masa laifin da ba nasa ba.

Kun san sana'ata, amma ba ku san inda na koyo ta ba. Babana falke ne na bandar kifi, daga Baga yake ɗauko wa zuwa Kano. A gefensa na koyi duban idon kifi, da matsa cikinsa da ɗan yatsa, da sansanar kwali tun ba a buɗe ba. Babban darasin da ya ba ni shi ne, kayan da ranka ke so kada ka kuskura ka yaba su a gaban mai su. Ka nemo aibinsu, ka kushe, ka juya kamar za ka tafi. In kuwa son ya yi yawa har kana tsoron fuskarka za ta tona ka, to ka tura wani ya taya maka. Da wannan darasi na zo Birmingham, na yi dako a sito, na fara sayar da tarwaɗa da karfasa daga bayan mota ƙofa-ƙofa, har Allah ya ba ni shago a Aston da ɗakin sanyi a bayansa. Sau biyu a mako mukan tafi babbar kasuwar sari ta Manchester ni da Danjuma, direbana mutumin Kafanchan, wanda muka fi shekara ashirin tare. Mutanenmu a garin nan kuwa yawancinsu likitoci ne da injiniyoyi da akantoci. Ba wanda ya taɓa wulaƙanta ni a cikinsu, Allah shaida. Ni ne dai nake sansanar hannun rigata kafin in shiga sahu, ko da ƙarni ya biyo ni. Saboda haka da Abba ya samu gurbin karatun harhaɗa magunguna a jami'a, na ce alhamdu lillahi, ƙarni ya ƙare a kaina.

Akwai abu na biyu da sai kun fahimce shi. Abba ɗan fari ne, kuma sunan babana ya ci. A inda na tashi, uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya yabonsa. A Kano kowa ya san wannan kunya ce, kuma yawan kunyar shi ne yawan son. Amma Abba a Aston ya tashi, inda yake ganin iyayen abokansa a bakin filin ƙwallo suna ƙwala kiran sunayen 'ya'yansu har murya ta dushe. Ke Jidda na goya ki a kafaɗa, Nura na kai shi aski, shi kuwa iyakarmu “kai, zo nan.” Mamanku ta sha gaya mini cewa nan fa ba Kano ba ne, yaron ba zai gane ba. Nakan ce mata jini ba ya buƙatar tafinta.

Wata Lahadi cikin sanyin ƙarshen shekara ya zo daga gidan da suke haya da abokansa a Selly Oak. Mamanku ta yi tuwon shinkafa da miyar kuka. Sai da ya cinye ya wanke hannu, sannan ya zauna a ƙasa kusa da kujerata, abin da ba ya yi sai in magana ta yi nauyi. Ya ce ya bar karatun magani tun watanni uku da suka wuce, ya koma sashen ɗaukar hoto, kuma aikinsa na ƙarshen shekara yana so ya yi shi ne a kan mutanen da ke kamo kifi a teku. Yana roƙo in yi wa wani daga cikin dillalaina magana a sama masa wuri a jirgi.

“Baba, tun ina yaro nake ganin kifi yana zuwa cikin akwati. Ban taɓa ganin wanda ya kamo shi ba. Kai ma ba ka taɓa gani ba, kuma da shi ka ciyar da mu.”

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Mamanku ta zuba mini ido tana jiran tsawa. Ban yi ba. Ɗan kasuwa ba ya faɗa da mai kaya, yakan bar farashi ya karya shi. Na ce masa na ji, zan duba.

Washegari a hanyar Manchester na kira wani Bature da nake sarin kifi a hannunsa, muna ce masa Dogo, wanda ɗan'uwansa ke da jirgin jan taru a arewacin Sikotilan. Ya ce ba matsala, amma a bari sai bazara, lokacin da teku ke lafawa. Na ce a'a, watan Fabrairu nake so. Ya yi dariya, ya ce ko ɗan cikinsa ba zai sa a jirgi a Fabrairu ba in ba ya saba ba. Na ce nawa ɗan jarumi ne, a sa shi. Lissafina shi ne, kwana goma sha biyu na amai da sanyi da rashin barci za su yi mini aikin da faɗa ba zai yi ba, ya dawo da ƙafarsa ya roƙi a mai da shi ajin magani. Danjuma yana tuƙi yana jin komai. Sai da muka yi tafiya mai nisa ya ce, bai ko dube ni ba:

“Alhaji, kifi na ganinka, mai jar koma.”

Na ce ya kula da hanya. A gida kuwa na zama gwarzo. Mamanku ta yi ta sa mini albarka, ke Jidda kika rungume ni kika ce ba ki san Baba ya waye haka ba. Abba ya durƙusa ya yi godiya, na kawar da kai na ce Allah ya kiyaye.

Kwanakin da yake teku ba waya. A rana ta huɗu aka nuna a talabijin iska tana kaɗa arewa, igiyar ruwa tana hawa kan katangar wata tashar jiragen ruwa. Mamanku ta ɗauki azumi. Ni kuwa na shiga ɗakin sanyi na cire safar hannu na tsaya, wai in ji abin da yake ji. Ban iya minti biyar ba. A lokacin ya kamata in gane girman abin da na aikata, amma sai na ce wa kaina magani dama ɗaci gare shi.

Ya dawo a rame, leɓe a fashe, hannuwa duk yanka. Ya ce kwana uku na farko bai san inda kansa yake ba saboda jiri da amai. Da ya miƙe ya ɗauko kyamara, ma'aikatan jirgin suka juya masa baya. Su shida ne, da kyaftin, da 'yan Filifin uku, da 'yan Gana biyu. Ɗaya daga cikin 'yan Ganan, wani dattijo Mumuni ɗan zangon Kumasi, yana jin Hausa, shi ya gaya masa cewa a jirgi ba a ɗaukar hoton mutum da busasshen hannu. Sai ya ajiye kyamara ya karɓi wuƙa. Ya koyi farke ciki da wankewa da jerawa a ƙanƙara, duk sa'ar da aka jawo taru ana tashinsa tare da kowa. Sai da ya yi kwana huɗu a haka kafin su bar shi ya ɗauki hoto ko ɗaya. Yana ba da labarin idonsa yana walƙiya, Nura ya buɗe baki yana saurare. Na zauna ina jiran ya ce ya tuba. Abin da ya ce shi ne kyaftin ya yarda ya sake binsu. Kafin kaka ya koma sau uku. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, na san karin maganar tun ina yaro, amma ban taɓa kawo ta cikin lissafina ba.

A ƙarshen shekarar aka baje hotunansa a Manchester, a wani tsohon ginin masaƙa da aka mayar ɗakunan nuni. Ranar Asabar ce da la'asar, kun tuna, duk muka yi ado muka tafi, na sa babbar riga na fesa turare fiye da kima. Na shiga da niyyar in zaga sau ɗaya in fito. Hotunan ba masu launi ba ne, baƙi da fari ne. Ga taru yana tasowa daga ruwa cike, mutane uku sun jingina da shi kamar masu tura motar da ta mutu, ruwa yana wanke su har gwiwa. Ga wani ya yi barci a zaune da kofin shayi a hannu bai zubar ba. Ga kuku ya rungume tukunya da hannu biyu don kada ta kife. Ga Mumuni yana sallah a zaune tsakanin akwatuna, saboda jirgi ba ya barin mutum ya tsaya. Shekara talatin ina sauke waɗannan akwatuna ina ƙorafin tsada, ban taɓa tunanin akwai wanda ya yi sallah a tsakaninsu ba.

Sai na zo kan wani da ba fuska a cikinsa, hannuwa ne kawai. Hannuwan Mumuni, ɗaya ya danne kifi, ɗaya riƙe da wuƙar da aka naɗe ƙotarta da igiya. Fatar ta tsattsage, farcen babban yatsa ya rabe biyu, gaɓoɓin sun kumbura. Hannun babana ne sak, har yadda yake lanƙwasa ɗan ƙaramin yatsa in zai yanka. Babana bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba har ya rasu, ba ni da hotonsa ko na katin shaida. Na tsaya a wurin ban san iya lokacin da na ɗauka ba.

A nan malamarsa ta same ni, wata Baturiya mai furfura da fara'a, ta jawo Abba ta tsayar da shi kusa da ni, mutane suka kewaye mu. Ta ce a shekarunta na koyarwa ba ta cika ganin ɗalibi irinsa ba, ta tambaye ni yadda nake ji a matsayina na uba. Abba yana kallona. Ku fahimce ni, ba wai ban san amsar ba. Amma a ce in yabi ɗan farina, mai sunan babana, a tsakiyar baƙi, harshena bai san hanyar ba. Kuma ga kaya a gabana da raina ya so fiye da duk wanda na taɓa gani. Abubuwan nan biyu da aka gina ni da su suka haɗu suka yi magana a madadina. Na nuna hoton da ke gefe, na akwatunan kifi, na ce da Turanci sun cika akwatin da yawa, na ƙasa duk zai dame, ƙanƙarar ma ba ta isa ba, ni dai ba zan sayi wannan ba. Aka yi dariya sosai. Malamar ta ce lallai uban gwani ne a fanninsa. Abba ma ya yi ɗan murmushi. Mamanku kaɗai ce ba ta yi ba.

Da za mu tafi ya rako mu wurin ajiye motoci. Kun riga kun shiga mota, shi ya sa ba ku ji ba. Ya tsaya a gabana, hannuwansa cikin aljihu.

“Baba, ba kifi na tambaye ka ba. Hotunan fa?”

“Ba laifi,” na ce.

“Ba laifi.” Ya jinjina kai. “To me ya sa ka kira mini Dogo? Na ɗauka ko ba ka faɗa ba, wannan ne yadda kake faɗa.”

Da na yi shiru a nan, da ya ci gaba da riƙe wannan zaton, da ya ishe mu zama. Amma ni mutum ne da in an tambaye ni kai tsaye ba na ƙarya, da wannan na yi suna a kasuwa, kuma ina alfahari da shi. Na gaya masa cewa Dogo ya ce a jira bazara, ni na zaɓi Fabrairu, don ya sha wuya ya koma karatunsa. Na faɗa ne kamar yadda nake gaya wa mai saye cewa kifin jiya ne, ina ganin gaskiya ta wanke ni. Da ya yi magana muryarsa a kwance take.

“A tafiyar farko ruwa ya ɗauke ni daga kan ƙafafuna. Mumuni ne ya cafko wuyan rigata a bakin jirgi. Ban gaya wa kowa ba, don kada ka ji ba daɗi, kai da ka yi mini hanya.”

Ya buɗe mini ƙofar mota, ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya koma ciki. A hanya kin tambaye ni me muka tattauna, na ce maganar maza ce.

Ranar Talata bayan mun gama sari na sa Danjuma ya bi ta ginin. Na tabbatar Abba ba ya nan, na zauna a mota, na tura shi ciki ya sayi hoton hannuwan da sunan wani Mista Yakubu. Ya tambaye ni nawa zai taya, na ce kada ya taya, ya biya abin da aka rubuta. Ya dube ni kamar ya ga baƙo. Ya ce shi Kirista ne, ba ya son ƙarya da sunan annabi, kuma in ina son hoton ɗana me zai hana in shiga da ƙafata. Na ce ya yi abin da na sa shi. Ya yi, yana gunaguni. Da aka rufe nunin shi ya je ya karɓo, na jingine shi a ofishin shago bayan kabad, fuskarsa na duban bango.

Kwana biyu bayan cinikin Abba ya kira mamanku, ina zaune ina ji, don ta sa wayar a fili.

“Mama, an sayi ɗaya. Wani ne da ban sani ba, total stranger, bai ma nemi ragi ba. Kin ga ashe ba ɓata lokaci nake ba.”

A wannan makon ya yanke shawarar zama a Manchester ya riƙi hoto sana'a. Daga baya ya gaya wa mamanku cewa bayan maganarmu ya yi niyyar sayar da kyamarar, cinikin nan ne ya tsayar da shi. Kun ga inda wayona ya kai ni. Na tura shi teku don ya bari, ya ƙi bari. Na sayi hoton a ɓoye, na zama sanadin tafiyarsa. Kuma na ɗaure bakina da kaina, domin in na ce ni ne, na ƙwace masa wannan baƙon da ya tsaya a kansa, ya ga kamar uba ne ya ji tausayi ya yi masa sadaka.

Shekara tara ke nan. Ya bi jiragen Norway, ya bi kwale-kwalen Senegal, ya yi aure, ya samu 'ya. Bai taɓa yi mini rashin kunya ba, ku shaida ne. Duk Sallah yakan zo, ya durƙusa, ya tambayi jiki, ya tambayi kasuwa, ya ajiye mini turare, ya tashi. Abin da na ba shi ne yake mayar mini, mudu da mudu, ladabi cikakke ba tare da magana ba. Yanzu ya fi ni iya kunyar. Yakan nuna wa mamanku sababbin hotuna a waya, in na shigo ya kife ta a cinya. Ba wanda ya ce ya yi nisa ba dalili sai wanda bai tsaya a wurin ajiye motocin nan ba.

Mamanku ta gano hoton shekara uku da suka wuce, ranar da ta zo neman takardun asibitina a ofis. Ba ta yi faɗa ba. Ta juyo da shi, ta goge ƙurar da gefen mayafinta, ta ce in gaya masa. Na kawo mata hujjata ta baƙo. Ta ce:

“Alhaji, har yanzu ciniki kake yi. Baƙi sun sayi hotunansa sun fi a ƙirga. Uba ne bai samu ba.”

A Sallar da ta wuce na gwada. Na ce ya raka ni shago in duba injin sanyi. Muka shiga ofis, hoton yana bayan kabad, taku biyu daga inda yake tsaye. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne tambayar ko akwai cunkoso a hanyar Manchester. Ya ce ba sosai ba. Muka duba injin, lafiyarsa ƙalau, muka dawo gida. A ranar na san bakina ba zai taɓa iyawa ba, shi ya sa na koma ga hannu.

Jidda, kada ki jira sai an gama littafin nan, kada kuma ki jira sai bayan raina. Ki cire waɗannan shafuka ki kai masa da kanki. In ya karanta ya yi fushi, ku ƙyale shi, yana da gaskiya. In bai kira ba, kada wanda ya matsa masa.

Kai kuma, ga tawa. Maganar Fabrairu ba ni da hujja a kanta, na sa ranka a kan sikeli don in ci gardama, ka yafe mini in za ka iya. Mista Yakubu kuwa babu shi, ni ne. Na san abin da za ka fara zato, to ka tambayi duk wanda ya taɓa ciniki da ni daga Baga har Manchester. Ban taɓa sayen kaya don tausayin mai su ba.